Tawadar Malam Abdussamadu

Direban ya miƙo hannu zai karɓi jakar ya jefa ta bayan mota tare da kwandunan busasshen kifi, amma Malam Abdussamadu ya janye ta ya rungume a ƙirji.

"Bar min wagga, Dikko. A cinyata za ta zauna."

"Malam, ko zinari ne a ciki?"

"Da zinari ne, da na ba ka ajiya."

Fasinjoji suka yi dariya, aka matsa masa ya zauna a gaba saboda girmansa. Motar ta bar tashar Argungu da hantsi, ranar Juma'a, a ƙarshen bazara. Malam ya karanta addu'ar tafiya a hankali, sannan ya laluba jakar ya tabbatar kwalaben nan biyu suna tsaye. Ɗaya tawada ce, ɗayar kuwa ruwan wankin allo.

Kwana tara ke nan da aka kwantar da jikarsa Nuriyya a asibiti a Birnin Kebbi. Yarinya ce mai shekara biyu da rabi, ɗiyar 'yarsa Mubina, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai Innata. Ciwon ya fara da ƙin abinci da murɗar ciki, daga baya amai, har ranar da jijjiga ta kama ta a tsakar gida. Likita ya ɗebi jininta ya aika wata cibiyar bincike, sakamako ya dawo cewa gubar dalma ce. Ya ce magani zai fitar da ita da yardar Allah, amma muddin ba a gano ta inda take shiga ba, yarinyar za ta koma gida ta sake kwasa. Ya tambayi abin da take ci da abin da take sha. Aka kai ruwan rijiya, aka kai garin tuwo, aka kai ƙasar tsakar gida, har fentin bango aka kankaro. Ba a sami komai ba.

Babu wanda ya ambaci rubutu. Mubina ta san tun ranar suna mahaifinta yake rubuta wa yarinyar addu'o'in tsari a allo, a wanke a ba ta, amma kunya da girmamawa suka hana ta kawo zancen. Shi kansa Malam bai kawo komai a ransa ba, sai ranar Talata, da ya zauna dafa tawada ya dubi tukunyar.

Shekara arba'in da 'yan kai yana dafa tawadarsa a tukunyar ƙasa da ya gada wurin mahaifinsa: 'ya'yan bagaruwa, da ƙaro, da ruwa, a kan wuta mai sanyi. Shekara biyu da suka wuce tukunyar ta tsage, ya sayi ta ƙarfe a kasuwa, irin wadda maƙera suke zubawa daga tarkacen da suka narka. Ya taɓa jin ana cewa wasunsu har cikin tsohon batirin mota suke jefawa a narkon. A lokacin bai kula ba. Ranar Talatar nan kuwa maganar ta dawo masa, ya sauke tukunyar daga kan wuta. Ba Innarsa kaɗai ba. Matan unguwa masu goyo, da masu naƙuda, da yaran da haƙori ke wahalarwa, duk daga wannan tukunya suka sha. Kwana uku yana sallamar masu neman rubutu da cewa ba ya jin daɗi, kuma ba ƙarya ya yi ba. Jiya ya kira likitan ya faɗa masa abin da ke ransa, likitan ya ce ya kai tawadar cibiyar da kansa, zai sanar da su.

Wajen Zauro ya ga mata a bakin fadama suna sheƙar shinkafar rani. Suna ɗaga ƙwarya sama suna zubowa, iska tana kwashe ƙaiƙayi, tsaba tana faɗowa a gindinsu. Ya bi su da ido har motar ta wuce, bakinsa yana istigfari.

Cibiyar tana can bayan gidajen Gesse. Wata mata mai kimanin shekara talatin da biyar, da farar riga a kan hijabinta, ta tarye shi a ƙofa ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba Malam. Ni ce Basirat. Likita ya ce kana tafe."

"Allah shi yi miki albarka. Ɗiyar wa ce?"

"Ɗiyar Alhaji Bayo mai kayan gini, na unguwar Nasarawa. Nan aka haife ni."

"To ai ke Bakabiya ce, sunan ne kawai na aro."

Ta yi dariya, ta roƙe shi ya cire takalmi ya sa wasu na roba da ke bakin ƙofa. Ya ce wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Ɗakin yana da sanyi ƙwarai, kuma babu ƙura ko ta shafawa. A kan dogon tebur akwai wata na'ura fara mai girman akwatin lefe biyu a haɗe, da siraran bututu suna shiga suna fita, tana wani gunji mara yankewa.

"Ga ta nan," in ji Basirat. "Sunanta na Turanci ya fi ta tsawo. Mu Gimbiya muke ce mata, don ba ta son zafi, ba ta son ƙura, kuma in wuta ta ɗauke sai ta yi fushin kwana biyu."

Malam ya fito da kwalaben ya ajiye. Ta ɗaga ta biyun ta duba a haske.

"Baba, wannan rubutu ne? Domin abin da zan yi shi ne in zuba masa ruwan asid, kuma abin da ya rage a kwata ake zubarwa."

"Na yi tunanin haka, ɗiyata. Babu harafi ko ɗaya a ciki. Allon na ɗauka, wanda nake yi mata da shi, na shafa tawada da yatsa gwargwadon abin da rubutu yake ci, na bari ta bushe, na wanke da ruwan da munka saba. Abin da ta sha ke nan, in ban da sunan Allah. Shi ba ya buƙatar awo."

Basirat ta dube shi da kyau. "Wallahi, Baba, ɗalibaina na jami'a ba su taɓa kawo mini samfur mai tsari irin wannan ba."

Ta ɗiga kaɗan daga kowace kwalba cikin wasu ƙananan bututun roba, ta ƙara asid da tataccen ruwa, ta ɗora su a kan wani faranti mai zafi. Malam ya zauna a kujerar da ta ja masa. Bai saba karɓar hukunci daga wanda bai san hujjarsa ba, don haka ya tambaya.

"Yaya abin nan yake sanin dalma a cikin baƙin ruwa? Ido gare shi?"

"Ba ya gani, Baba, awo yake yi. Kowane abu da Allah ya halitta, ƙarfe ne ko gishiri ko dalma, in aka yi ta raba shi za a kai ga ƙwayar da ita ce asalinsa. Kuma ƙwayar kowane iri tana da nauyinta. Ta ƙarfe hamsin da shida, ta dalma ɗari biyu da 'yan kai. To, wannan bututun zai tsotsi ruwan ya fesa shi kamar turare. Feshin zai shiga wata wuta da ke nan ciki." Ta nuna masa wata 'yar taga mai duhun gilashi, inda wani farin haske yake tsaye cak. "Zafinta ya kai na fuskar rana. Duk abin da ya shiga sai ya warwatse ƙwaya ƙwaya, kuma kowace ta fito da ɗan cajin lantarki, yadda za a iya janta."

Malam ya leƙa, ya ja da baya. "Allah ka tsare mu da wuta. Wagga ta mutane ce, a cikin akwati."

"Amin, Baba. Daga nan sai a ja su cikin wani rami da aka zuƙe iskarsa duka, don kada su yi karo da komai."

"Awa sheƙa ke nan. Mai nauyi ta faɗi kusa, mara nauyi ta tafi."

"Kusan haka, sai dai ta fi sheƙa tsanani. A cikin ramin akwai sanduna huɗu na ƙarfe a jere, da lantarki yana kai da komo a jikinsu. Ƙwayoyin suna bi ta tsakaninsu suna tangaɗi. In na saita lantarkin a kan nauyi ɗaya, mai wannan nauyin kaɗai za ta kai ƙarshe. Wadda ta fi shi ko ta gaza, ko da ɗaya ne, tangaɗinta zai yi yawa ta bugi sanda ta tsaya nan. A ƙarshen ramin akwai mai ƙirga duk wadda ta iso. Sai na'urar ta matsa zuwa nauyi na gaba, ta sake ƙirgawa. Kafin ka ƙifta ido ta zagaye su duka."

Malam ya dubi kwalabensa. Shekarunsa yana karantar da mutane cewa akwai ranar da za a ɗora komai a ma'auni, kuma ba abin da zai ɓace saboda ƙanƙantarsa. Bai taɓa zaton zai zauna a duniya yana jiran a auna aikin hannunsa ba.

Da ruwan ya huce ta tsoma siririn bututun a ciki. A fuskar kwamfuta wani layi ya miƙe a kwance, sai ga tsinaye suna tasowa a kansa nan da can. Ta bi su da biro. "Wannan ƙarfe ne. Wannan na tukunyar ne, sanholo, wato alminiyam." Biron ya tafi can dama ya tsaya. Tsinaye huɗu ne a wurin, ɗaya ƙarami, uku a manne da juna.

"Mi ne ne wannan?"

Ba ta ɓoye masa ba. "Dalma ce, Baba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya dafa gefen tebur. Carbinsa ya zame ya faɗi ƙasa, bai lura ba.

"Tsaya, Baba, ban gama ba. Akwai ta, amma kaɗan ce. Gimbiya ko ɗigo ɗaya aka jefa a rijiya sai ta tona. A ruwan allon nan abin da ke ciki bai kai ya kwantar da yaro ba, ko da kullum yake sha."

"Kada ki lallashe ni, ɗiyata. Na tsufa da wannan."

"Ba lallashi ba ne. Bari in nuna maka abin da ya fi wannan." Ta buɗe wani shafi kusa da na farko. "Wannan jinin Nuriyya ne. Ka ga dalma ba nauyi ɗaya gare ta ba, huɗu ne: ɗari biyu da huɗu, da shida, da bakwai, da takwas. Kamar 'yan'uwa huɗu a gida ɗaya. Kuma dalmar kowane rami da aka haƙo tana da nata rabon tsakaninsu, ko an narka ta, ko ta shiga jini, rabon ba ya sauyawa. A tawadarka, duk ɗari na mai bakwai akwai ɗari da goma sha uku na mai shida. A jinin yarinyar kuwa ɗari da goma sha tara ne. Ba gidansu ɗaya ba."

Ya matso da fuskarsa kusa da gilashin, ya cire tabarau don ya ga lambobin da kyau. Basirat ta juyo za ta ƙara bayani, sai ta tsaya tana kallon idanunsa.

"Baba, ka yi haƙuri. Kwalli ne a idonka?"

"Yau Juma'a."

"Na ina ne?"

"Na gida. Hajiya, mai ɗakina, ita take sayen dutsen a kasuwa ta niƙa da kanta. Ita take cika mini nawa." Ya fito da ɗan tandu daga aljihun gaba.

"Nuriyya ana sa mata?"

"Kullum da safe, tun tana jaririya. Kakarta ba ta yarda a ga yarinya da farin ido." Ya tsaya. "Amma ai ba a cin kwalli. Likita abin ci da abin sha ya tambaya."

"Yaro yana murza ido, Baba, sannan ya sa yatsa a baki. Ka ba ni kaɗan. Zai ɗauki lokaci kafin ya narke. Ka je masallaci ka dawo."

Ya yi sallar Juma'a a masallacin da ke kusa, a sahu na uku, inda babu wanda ya san shi. A sujadarsa bai roƙi a wanke shi ba. Ya roƙi a bayyana gaskiya, a ba yarinyar lafiya, a ba shi ƙarfin ɗaukar duk abin da ya fito. Da zai fita ya sake alwala, ya wanke idanunsa sosai.

Ya tarar da Basirat tana jiransa da shafuka uku a jere.

"Sai da na sirka shi da ruwa sau dubu da dubu kafin in ba na'urar," ta ce, "in ba haka ba da Gimbiya ta yi mako tana amai. Baba, fiye da rabin garin nan dalma ce tsantsa. Akwai dutsen kwalli na gaske da babu ita a ciki, amma a ido kamarsu ɗaya, mai sayarwa ma ba lalle ya sani ba. Ga rabonsa: ɗari da goma sha tara. Ga jinin: ɗari da goma sha tara."

Ta ɗora zanen kwallin a kan na jinin, tsinayen suka hau juna kamar abu ɗaya. Ta ɗora na tawada, ya kauce.

"Kin tabbata?"

"Ba zan rantse cewa babu wata hanya ba, sanin wannan sai Allah. Amma sau uku na maimaita. Abin da ke jikinta ba daga allonka ya fito ba."

Malam Abdussamadu ya juya ya fuskanci gabas, ya yi sujada a kan tayil ɗin nan mai sanyi, ya daɗe. Da ya ɗago gemunsa ya jiƙe. Ya tuna matan unguwa ɗaya bayan ɗaya, da yaran da ya riga ya fara lissafa sunayensu don ya bi gida gida neman gafara. Ya ji ƙirjinsa ya buɗe, ya ji yunwa a karon farko cikin kwana uku.

"Amma tukunyar nan ka rabu da ita," in ji Basirat tana miƙa masa carbinsa da takardar sakamako. "Kaɗan ma ba alheri ba ne."

"Yau ta gama aiki. Gobe in Allah ya yarda zan nemo ta ƙasa." Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a mai tsawo, ita da iyayenta da malamanta. A bakin ƙofa ya waiwaya. "Ki gai da Gimbiya. Ki ce ta tsorata tsoho, amma ba ta zalunce shi ba."

A cikin keken da ya ɗauke shi zuwa asibiti ya sayi ƙosai ya ci uku. Sai da suka kusa isa murnarsa ta fara zama wuri ɗaya, domin ya tuna wadda zai je ya tarar. Hajiya Laure, matarsa ta shekara arba'in da shida, ita ta yi wa yarinyar wankan jego, ita take goya ta, kuma kwana tara ke nan tana kwana a tabarma a gefen gadonta. Da hannunta take niƙa dutsen nan, tana tankaɗe shi da ƙyalle don kada ya yi wa jikarta kaushi a ido. Nauyin da ya ɗauka kwana uku yana nan bai ɓace ba. An sauke masa ne kawai, kuma takardar da ke aljihunsa tana cewa ga mai shi.

Ya fara biyawa wurin likita ya ba shi takardar, sannan ya shiga ɗakin yara bayan la'asar. Nuriyya tana zaune a kan gado, tana riƙe da kofi da hannu biyu.

"Kaka! Ina kifina?"

"Innata, daga tashi sai bin haƙƙi? Kifi yana Argungu yana jiranki."

Mubina ta durƙusa ta gaishe shi, fuskarta cike da fara'a. "Baba, yau ta sha kunu kofi biyu. Likita ya ce abin yana sauka."

"Alhamdu lillahi."

"Ai na ce muku sauƙi ya samu," in ji Hajiya Laure. Ta jawo jakarta tana lalube. "Dubi idonta dai, Malam, fari fat awa na marar gata. Masu dubiya suna ta shigowa. Kwana tara sun hana ni taɓa ta da wayoyinsu, yau kam sai na gyara ta."

Ta fito da tandunta, ta zaro tsinken, ta kama haɓar yarinyar.

Malam ya miƙa hannu ya riƙe wuyan hannunta a hankali. Rabonsa da ya taɓa ta a gaban 'ya'yansu har ya manta. Mubina ta sunkuyar da kai. Hajiya Laure ta dube shi da mamaki, sannan ta lura da idanunsa.

"Malam, yau Juma'a, ina kwallinka?"

Ya zare tsinken daga yatsunta, ya mayar cikin tandu, ya toshe, ya sa a aljihunsa kusa da nasa. Ya ce wa Mubina ta ɗauki yarinyar ta zaga da ita baranda ta sha iska. Da suka fita ya zauna a bakin tabarmar, ya nuna mata gefensa.

"Zauna, Hajiya. An gano abin, kuma Innata za ta warke da izinin Allah. Wuri biyu anka same shi a gidanmu." Ya gyara zama. "Bari in fara da tukunyata."